A Bar 'Yammata Su Shiga Wasan Jiragen Rediyo

'Yan'uwana matan aure da ku 'yammatan makaranta, yau zancenmu a kan wani wasa ne da ake yi a Ingila da Amurka. Mutane kan taru a filin kulob ɗinsu a bayan gari, kowa da ɗan ƙaramin jirgin yaƙin da ya ƙera. Babu matuƙi a ciki. Mai shi yana tsaye a ƙasa, yana sarrafa shi da akwatin rediyo. Ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage ta Ingila tun 1922 aka kafa ta, ta Amurka kuwa a 1936. Galibin masu wasan maza ne. Ni kuwa a ganina ya kamata a bar 'yammata su shiga, domin makaranta ce sosai.

Ga misali. Jirgin yaƙin Ingila mai suna Spitfire, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike ƙafa 36 ne da inci 10. Mai son ƙera ƙaraminsa, kashi ɗaya cikin shida, tilas ya raba kowane awo gida shida, sai faɗin ya koma ƙafa 6 da 'yan kai. Da wani icce marar nauyi da ake kira balsa ake yin jikinsa. Sa'an nan a daidaita nauyi, don in ya rinjaya wajen wutsiya jirgin ba zai bi umarni ba, sai ya rikito. Sabon shiga kuma akan haɗa akwatinsa da na malaminsa, in ya ruɗe malam ya karɓi tuƙi. Ashe ba lissafi da kimiyyar da muke fama da su a allo ba ke nan?

Wata za ta ce ina ruwan mace da jirgin yaƙi. To, a 1934 wata 'yar makaranta mai shekara 13, Hazel Hill, ta taya mahaifinta lissafin da ya nuna sababbin jiragen yaƙin Ingila bindiga takwas suke bukata, ba huɗu ba. Injin Spitfire kuma yakan shaƙe idan matuƙi ya kifa hancin jirgin ƙasa farat ɗaya. Wata injiniya, Beatrice Shilling, ita ta yi maganin abin a 1941 da wani ɗan zoben tagulla.

Wata kuma za ta ce ai kayan kisa ne, me ya sa za a sa wa yara sha'awarsu? Wannan magana abin dubawa ce. Amma ƙaramin jirgin ba ya ɗauke da harsashi, kuma hanya ce ta koyar da tarihi, har da yawan rayukan da suka salwanta. Tarihin nan ya shafe mu. Daga 1940 aka riƙa sauke jiragen Hurricane cikin akwatuna a Takoradi, a ƙasar Ghana ta yanzu, a harhaɗa su, su biyo ta Kano da Maiduguri zuwa Masar.

Gaskiya ne wasan yana da tsada, ba kowane gida zai iya ba. Sai dai tushensa yana nan cikin gidajenmu. Yaranmu maza suna yin mota da jirgi da kara da langalanga, ana yaba musu. Da yarinya ta miƙa hannu sai a daka mata tsawa, wai wasan maza ne. Iyaye mata, mu daina haka. In ta gama aikin gida, a bar ta da karanta da ma'auninta. Malamai kuma su kafa ƙungiyar ƙere-ƙere a makarantun 'yammata, ko da jirgin kwali aka fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku kuma 'yammata, kada ku gudu daga darasin lissafi. A 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin yaƙi a rundunar sojan saman Nijeriya, saboda haka ba wanda zai sake ce muku ba a taɓa yi ba.