Ba a Auna Ilimi da Mudun Mujalla: Raddi ga Mai Cewa Lamba Ta Isa Hujja

Wani ɗan'uwa, farfesa da nake ganin girmansa, ya yi rubutu yana ba jami'o'inmu shawarar su daina aika ayyukan masu neman ƙarin girma wurin masana na waje don tantancewa. A ganinsa abu uku sun wadatar: mujallar da aka buga aikin tana cikin rumbun Scopus ko ba ta ciki, nawa ne ma'aunin tasirinta, kuma sau nawa aka ambaci malamin a rubuce-rubucen wasu. Na san ciwon da ya sa shi magana. Dukanmu mun ga wanda takardunsa suka shekara biyu a aljihun teburin mai tantancewa, mun kuma ga wanda aka ɗaga don sanayya. Amma maganin da ya kawo zai bar cutar ya ƙara wata, shi ya sa zan bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya ce babbar mujalla ba ta karɓar aikin banza, saboda haka ma'auninta shaida ne a kan kowace maƙala da ke cikinta. To, mu koma asalin ma'aunin. Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro shi a Amurka, cibiyarsa ta fara fitar da shi duk shekara daga 1975, kuma babban amfaninsa a lokacin shi ne taimaka wa masu kula da ɗakunan karatu su zaɓi mujallun da za su saya. Lissafinsa: a ƙirga ambaton da maƙalun shekara biyun baya suka samu a bana, a raba da yawansu. Matsakaici ne ke nan. Per Seglen, masani ɗan ƙasar Nowe, ya nuna tun shekarun 1990 cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla su ke kwashe rabin ambaton da take samu. Mafi yawan maƙalun suna ƙasa da lambar da ake yi musu ado da ita. Wanda ya auna maƙala da lambar mujallarta kamar wanda ya yanke wa mutum zakka ne don ya ga yana zaune a unguwar attajirai.

Ya ce kuma yawan ambato shi ne tasiri. Ana ambaton aiki don a yabe shi, ana ambatonsa don a rushe shi, kuma na'urar da ke ƙirgawa ba ta bambanta biyun. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da larurar galahanga ta yara, a mujallar Lancet ta fito, ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. An ambace ta ba adadi, sai a 2010 aka janye ta bayan an tabbatar da rashin gaskiyarta, alhali iyaye da yawa sun riga sun hana 'ya'yansu allura. Da mudun Malam, wannan aiki ya cika har ya tumbatsa. A ɗaya gefen, Gregor Mendel ya buga bincikensa a kan gadon halitta a 1866, aka yi shiru da shi har 1900. Katalin Karikó kuwa rage mata matsayi aka yi a Jami'ar Pensilbeniya a 1995 don ta kasa samo kuɗin bincike, sai ga aikinta da Drew Weissman ya zama ginshiƙin rigakafin korona, suka karɓi kyautar Nobel a 2023.

Hujjarsa ta uku ita ce mafi ƙarfi, ba zan raina ta ba: lamba ba ta da ɗan ɗaki, ba ta san ƙabila ko ɗariƙa ba. Gaskiya ne lamba ba ta son kai, amma masu samar da ita mutane ne, kuma da zarar an ɗaura albashi da muƙami a kanta sai a fara yi mata dabara. A 2013 John Bohannon ya ƙaga maƙalar bogi mai kurakuran da ɗalibi zai gane, ya aika wa mujallu 304, 157 suka karɓa. A 2023 kamfanin Hindawi kaɗai ya janye maƙalu sama da 8,000, akasarinsu daga masu sayar da bincike kamar haja, kuma a lokacin da yawan mujallun suna cikin manyan rumbunan nan da ake rantsuwa da su. Mu ma a nan mun san salon: aiki ɗaya a yayyanka shi gida huɗu, ka sa sunana in sa naka, ka ambace ni in ambace ka. Son kan bai tafi ba, ya koma inda kwamiti ba ya ganinsa.

Sai ya ce haka ƙasashen da suka ci gaba suke yi. Nan labari ya wuce shi. Sanarwar San Faransisko ta 2012 ta nemi a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, dubban cibiyoyi da masana sun sa hannu. Ƙa'idojin Leiden guda 10 na 2015 sun fara ne da cewa lamba ta taimaka wa hukuncin masana, kada ta maye gurbinsa. A 2020 Sin ta hana jami'o'inta biyan ladan kuɗi a kan yawan maƙalu. A Birtaniya kwamitocin masana ke karanta ayyukan jami'o'i, kuma a zagayen 2021 kashi 25 cikin ɗari na maki an ware shi ne ga amfanin da bincike ya yi wa jama'a a wajen jami'a.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda Malam bai taɓo ba, wato wa wannan mudu zai bari a waje. Rumbunan nan galibinsu mujallun Turanci ne na Turai da Amurka. Malamin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin makaɗan fada da na noma yana naɗar waƙoƙinsu kafin su bar duniya, ya buga nazarinsa da Hausa a Harsunan Nijeriya ko Algaita a Kano, ko Ɗunɗaye a Sakkwato, sifili zai samu. Littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976 ya raini ɗalibai tsara bayan tsara. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 aikin shekaru ne na masana da yawa. Babu ɗayansu da yake maƙala a mujalla mai lamba. Haka irin wake SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke cin kwanson wake: shaidarsa ta gaskiya tana gona da rumbun manomi, kuma manomi ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. In muka gaya wa matashin malami cewa Scopus kaɗai ke kai shi farfesa, zai bar tambayar da ta dami Katsina da Maraɗi ya nemi wadda za ta burge edita a Landan. Ba zan ga laifinsa ba, yana da iyali.

Ba na cewa a zubar da lamba. A kawo ta gaban kwamiti a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, a kwatanta mai tarihi da mai tarihi, likita da likita, domin al'adar ambato ta fannonin ba ɗaya ba ce. Kirana ga majalisun jami'o'inmu shi ne su gyara tantancewar da Malam ya yanke ƙauna da ita: mai neman ƙarin girma ya zaɓi ayyukansa biyar mafi kyau ya bayyana abin da kowanne ya ƙara wa ilimi, a aika wa masana uku na wajen jami'arsa, a ba su wa'adin wata uku, a biya su haƙƙinsu a kan lokaci, kowannensu ya rubuta dalilin hukuncinsa, a kuma ba malamin damar gani ya kare kansa.