Kullutun da aka cire daga nono ba shara ba ne

1/ Jama'a, dogon zare ne, amma dan Allah ku daure ku karanta. Maganar nono ce, kuma na san wasu za su ce ban da kunya. Na yarda. Kunyar ce ta ci mana gwaggo.

2/ Gwaggona tana wani ƙauye kusa da Wurno. Shekara biyu da suka wuce ta ji kullutu a nononta na hagu. Ba ya ciwo, don haka ta yi shiru wata da watanni. Da ya girma aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka yanka aka cire. Aka nuna wa kawu a roba, aka ce "ga shi nan, an gama." Aka jefar.

3/ Ba a cika shekara ba ya dawo, da wani kullutun a hammata. Da muka kai ta Sakkwato, tambayar farko da likita ya yi ita ce: "Ina sakamakon gwajin na farkon?" Muka kalli juna. Ba mu ma san ana gwadawa ba. Allah Ya jiƙan ta.

4/ Yanzu ina karatun likitanci, kuma abin da na koya a darasin fatoloji shi ya hana ni barci. Ra'ayina a taƙaice: duk kullutun da aka cire daga nono, dole a kai shi ɗakin gwaji a duba shi da madubin likita. Cirewa a jefar rabin aiki ne, wani lokacin ma ɓarna ce.

5/ Ga dalili. Yawancin kullutun nono ba daji ba ne. A 'yan mata irinmu, wanda aka fi gani shi ne faiburo'adinoma: mai santsi, kamar roba, yana zillewa idan ka taɓa shi, ba ya ciwo. Akwai kuma ƙullin ruwa, akwai ƙurjin da ke kama mai shayarwa, mai zafi da zazzaɓi da mugunya.

6/ Daji kuwa yawanci daga hanyoyin da ruwan nono ke bi yake farawa, sannan ya kutsa cikin naman da ke kewaye. Alamominsa: kullutu mai tauri da ba ya motsi, kan nono ya shige ciki, jini na fita daga kan nono, fata ta koma kamar ɓawon lemu, ko kullutu a hammata. Kuma a farkonsa sau da yawa BA YA CIWO.

7/ To ga matsalar: hannu ba ya iya raba su da tabbas. Ko na babban likita. Akwai wani ƙari mai suna filodis da yake kama da faiburo'adinoma sak, amma yana iya dawowa idan ba a cire shi da faɗi ba, wani ma daji ne. Madubi kaɗai ke faɗa.

8/ Shi ya sa ƙa'idar matakai uku ce. Likita ya duba da hannu. A ɗauki hoto, sikanin ga matasa, mamogiram ga manya. Sannan a ɗebo ɗan nama da allura a gwada. Wannan na ukun shi ne biyofsi.

9/ Nan ne muke karo da maganar da kowa ya taso da ita: "daji ba ya son ƙarfe." Innata har gobe tana cewa, "Ɗiyata, in an sa mishi allura sai ya hau." Ban raina ta ba, don abin da ta gani ta faɗa. Ta ga mata sun je asibiti an taɓa su, sun rasu.

10/ Amma ku duba yaushe suka je. Bayan shafe-shafe, turare, sakiyar wanzami, har nono ya fashe. Lokacin ciwon ya riga ya isa huhu ko hanta ko ƙashi. Ba allurar ce ta watsa shi ba, jinkirin ne. Sai allura ta ɗauki laifi.

11/ Gwajin kuma ba "daji ne ko ba daji ba" kawai yake faɗa ba. Yana nuna irinsa da ƙarfinsa. Ana duba alamomi uku: ER, PR da HER2. Mai ER yana jin ƙwayar tamoksifen. Mai HER2 yana da nasa maganin. Wanda ba shi da ko ɗaya, kuma ana yawan ganinsa a matan Afirka ta Yamma, sai kemo. Ba gwaji, to harbi ne a duhu.

12/ Ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka gano da dajin nono, kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya shi ne dajin da ya fi kama mata. Hukumar ta kuma sa ƙa'ida cewa daga ranar da mace ta kawo ƙorafi, a kammala gano ciwonta cikin kwana 60.

13/ Na san abin da za ku ce. Kuɗin mota daga Goronyo ko Rabah zuwa Sakkwato ba wasa ba ne. Hanya ba kullum take da aminci ba. Mutumin da ke jiran ya sayar da albasa ko tafarnuwa kafin ya biya kuɗin aiki, ka ce ya ƙara na gwaji? Gaskiya ne, ba na musu.

14/ Amma ku lura: ba dole sai matar ta yi tafiyar ba. Naman ne zai yi. A sa shi a kwalba da ruwan fomalin, a rubuta suna, a aika. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen da ke wannan aikin. Motar da ke kai buhun shinkafa birni kullum za ta iya kai kwalba ɗaya.

15/ Don haka roƙona ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo: a tsara ranar kwasar samfuri daga asibitocinmu zuwa Sakkwato, a rage kuɗin gwajin, a turo sakamako ta waya. Ya fi araha a kan kemon da ake yi bayan lokaci ya ƙure.

16/ Mu kuma matasa, mu ne masu waya, mu ke raka iyaye asibiti. Idan an cire wa wata taku kullutu, ku tambaya da ladabi: "Likita, ina za a kai shi gwaji? Yaushe za mu karɓi sakamako?" Ku karɓa, ku ɗauki hotonsa, ku adana.

17/ 'Yan'uwana mata, ku san nononku. Ku riƙa dubawa bayan al'ada ta ɗauke. Kin ji wani abu sabo? Kar ki firgita, mai yiwuwa ba komai ba ne, amma kar ki ɓoye. Maza, ku ba da izini da kuɗin mota ba tare da ja-in-ja ba. Ku ma yana kama ku, ko da yake ba kasafai ba.

18/ Addu'a muna yi, ba za mu daina ba. Amma da an sa kullutun gwaggo a kwalba maimakon kwandon shara, da mun san abokin faɗanmu tun da wuri. Ku tura wa rukunin gidanku na WhatsApp. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.