Raddi ga Masu Cewa Kwalta Tana Maganin Yoyon Rufin Mota

Da damina ta faɗi, sai wata magana ta dawo bakin wasu masu gyaran jikin mota a Wudil: wai idan murfin shan iska da ke rufin bas, irin na Toyota Coaster, ya fara yoyo, ba sai an kwance komai ba, a narka kwalta a malala a kewayensa, an gama. Hujjarsu ita ce kwaltar da ta tare ruwa a titi ba za ta gaza a kan kwano ba. Sai su ƙara da cewa kwancewa ɓata lokaci ne, gam ɗin kamfani kuma tsada ce kawai, don sanyin Turai aka yi shi.

Mu fara da titin, tunda a kansa suka jingina. Abin da aka shimfiɗa a hanyar Kano zuwa Maiduguri, wadda ta ratsa Wudil, ba tsurar kwalta ba ce. Tsakuwa ce da yashi, kwaltar cikinta kusan kashi 5 ne cikin 100, aikinta ta riƙe duwatsun. Kwaltar titi da aka fi amfani da ita tana fara laushi da zafi ya kai wajen digiri 50 a ma'aunin Selshiyos. A watan Afrilu iskar ƙasar Kano kanta takan kai digiri 40, to ina ga kwanon da ya wuni a rana a tasha, an kuma shafa masa baƙin abu mai zuƙar zafi? Kwaltar za ta saki, ta gangara, ta bar gefen murfin tsirara. Idan hunturu ya zo a Janairu kuma, ta bushe ta tsattsage. Wanda ya taɓa ganin sawun tayar tirela a titi lokacin bazara ya san yadda kwalta ke saki, sai dai in ya ƙi sani.

Ban da wannan, titi a kwance yake, rufin mota kuwa motsi yake yi dare da rana. Ƙarfe mai tsawon mita 1, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yana miƙewa da kusan rabin milimita. Robar da ake yin bakin murfin da ita tana miƙewa ninki biyar ɗin haka ko fiye. Ke nan mahaɗar nan kullum buɗewa take tana rufewa, ga jijjigar hanya, ga lodin ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil. Abin da zai zauna a wannan wuri dole ya iya miƙewa ya dawo. Kwalta ba ta dawowa. Haba malamai! Wannan ai ba ilimin da sai an shiga Jami'ar Aliko Dangote da ke nan garin ba ne, a tafin hannu ake jin sa.

Batun ƙin kwancewa shi ya fi ɓata mini rai. Ruwan yana shiga ne ta ƙarƙashin bakin murfin da ramukan sukurori, inda tsohon gam ya mutu. Duk abin da aka shafa a sama, ya rufe danshin ne a ciki, tsatsa ta ci kwanon a ɓoye, har ran da sukuron zai rasa abin kamawa. Direba ya biya kuɗi ya tafi da murna, a Agusta ruwa ya sauko wa fasinja a ka. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira yadda Manzon Allah (SAW) ya tsawatar wa mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama. Mai gyaran da ya san akwai tsatsa a ƙasa ya lulluɓe ta, ya auna kansa da wannan.

Aikin gaskiya sananne ne. A kwance murfin, a kankare tsohon gam tas, a goge tsatsa da samfefa, a shafa fentin hana tsatsa, a bari ya bushe. A shimfiɗa tef ɗin butil, robar nan mai danƙo da ba ta bushewa, a ƙarƙashin baki, a ɗaure sukurori ba tare da an matse har roba ta fashe ba. Sannan a bi kawunansu da gefuna da gam ɗin foliyuretan irin Sikaflex. Bayan ya kama, a gwada da ruwa, ana farawa daga ƙasa zuwa sama, domin inda ɗigo ya fito a silin ba lallai nan ya shiga ba.

Masu cewa to a sa silikon ɗin gilashi ba su fi na kwalta ba. Irin mai warin tsami ɗin nan asid yake fitarwa yayin bushewa, yana cin tsuran ƙarfe, fenti kuma ba ya kama shi.

Zancen Turai ba shi da tushe. Da irin gam ɗin foliyuretan ake liƙa gilashin gaban motocin zamani da ke yawo a nan. Tsada kuwa, su je su tambayi mai walda kuɗin yanke kwanon rufi a sa sabo.