Saƙon murya da gabar siyasa a ƙasarmu

A watan Maris na shekarar 2025 hukumomin soja sun rushe dukan jam'iyyun siyasa na Nijar. Jam'iyyu sun tafi, amma gabar da suka bari tana nan. Da a kasuwa da fadar samari ake jin ta. Yanzu mafi yawanta cikin salula take yawo.

Ku tuna da zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Bazoum Mohamed da Mahamane Ousmane. Da hukumar zaɓe ta CENI ta ba Bazoum kashi 55 da ɗoriya cikin 100, ƴan adawa suka ƙi amincewa, tarzoma ta tashi a Yamai da waɗansu garuruwa. Gwamnati ta ce mutum 2 sun rasu, an kama sama da 400. An katse intanet na salula wajen kwana 10. Katsewar ba ta tambayi jam'iyyar kowa ba: ɗan kasuwar Maraɗi da mai jiran saƙon ɗansa daga ci-rani duk sun sha wuya.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ɓangarori sun sake suna, hali bai sake ba. Kowane ɓangare yana da labarun da yake so su zama gaskiya.

Me ya sa ƙarya take gudu haka a WhatsApp? Domin da murya take zuwa. Saƙon murya ba ya bukatar karatu, ba shi da sa hannu, sau da yawa ba a san ranar da aka ɗauke shi ba. Kuma ba baƙo ne yake kawo muku shi ba. Ƙanenku ne, ko maƙwabci, ko aminin da kuka yarda da shi. Kuna gaskata mai turowa, alhali shi ma turo masa aka yi. In labarin ya ɓata wanda dama ba ku so, hannu yakan riga tunani. A ganina wannan shi ne babban tarko, kuma masu digiri ma suna faɗawa cikinsa.

A nan karatun da kuke koyo yake da rana. Ku dubi saman saƙon. Ƴar kibiya guda tana nuna turo shi aka yi. Kibiya biyu suna nuna ya ratsa hannu aƙalla 5 kafin ya iso gare ku. Ku saurara da kyau: mai magana ya faɗi sunansa? Ya faɗi gari da rana? In hoto ne ko bidiyo, ku karanta allunan shaguna da lambar mota, domin akan ɗauko tsohon abu na wata ƙasa a ce jiya ya faru a Tawa. In an ce a Damagaram ne, ku kira wanda kuka sani a can. Ku jira labarun rediyo, ku kwatanta gida biyu ko uku.

Akwai kuma doka. Tun shekarar 2019 Nijar take da dokar hukunta laifuffukan intanet. A watan Yuni 2024 an tsananta ta: watsa abin da zai iya tada hankalin jama'a yana jawo ɗaurin shekara 2 zuwa 5, da tara. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun koka cewa ana iya amfani da ita a rufe bakin masu faɗin gaskiya, kuma kukansu abin saurare ne. Duk da haka ku sani, watsawa dokar ta ambata, saboda haka wanda ya tura saƙo gaba yana iya shiga hannu ko da ba shi ya ƙirƙire shi ba.