Kafin Mu Tura Yaro Jami'ar Mishan, Mu Tambayi Tallafi

Jama'ar Yola da Jimeta, yaranmu kan samu gurbin karatu a jami'o'in mishan irin su Bingham da ke Karu, wadda cocin ECWA ta kafa a 2005. Sai dai murna kan koma ciki ranar da takardar kuɗin makaranta ta iso.

Mu sani, rancen NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne. Ɗalibin Jami'ar Modibbo Adama zai iya nema, na jami'a mai zaman kanta kuwa ba ya ciki.

Don haka kafin uba ya biya ko sisin kwabo, ya tambayi jami'ar a rubuce: akwai tallafi? Na shekara nawa ne? Wane maki yaro zai riƙe don kada a janye? Wanda tallafinsa ya yanke a aji biyu ya yi asarar kuɗi da shekaru.

Mu kuma a ƙungiyance mu buɗe asusun karatu, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. A zaɓi yara bisa ƙwazo da buƙata, Musulmi da Kirista. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.