Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

A unguwar Rikoto da ke cikin garin Zuru a Jihar Kebbi, kamar yadda yake a sauran garuruwan ƙasar nan, da zarar idon mutum ya yi ja yana zubar da hawaye, sai a yanke hukunci cewa Afolo ce ta kama shi. Daga nan sai a nufi kemis a sayo maganin ɗigawa. Wannan gaggawa ta sanya wa ciwo suna tun ba a bincika ba, ita ce babban haɗarin da ya kamata jama'a da ma'aikatan lafiya su yi wa tufkar hanci.

Sunan Afolo yana da tarihi. A shekarar 1969 wata annoba ta ciwon ido ta ɓulla a ƙasar Gana, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Afolo 11 ya kai mutane duniyar wata, sai jama'a suka alaƙanta abubuwan biyu. Annobar ta bazu zuwa Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, ta kuma kai har Asiya. A farkon shekarun 1970 masana a Japan suka gano cewa wata ƙwayar cuta ce ta jinsin bairos, wadda aka sanya wa suna enterobairos 70. Ba daga sama ta faɗo ba. Hannu da tawul da ƙyalle ne ke ɗaukar ta daga wannan ido zuwa wancan. Alamominta kan bayyana cikin kwana ɗaya ko biyu: ido ya kumbura, jini ya kwanta a farinsa, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Duk da ban tsoronta, takan warke da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, kuma magungunan kashe bakteriya ba su yi mata komai.

Sai dai akwai wasu ƙwayoyin bairos da ke jan ido waɗanda ba su da wannan sauƙi. Adenobairos kan zo da mura da kaluluwa a gaban kunne, wani lokaci ta bar ɗigo-ɗigo a tantanin da ya rufe baƙin ido, gani ya dushe na tsawon watanni. Ƙwayar da ke fito da ƙurajen zazzaɓi a leɓe kuwa, idan ta shiga ido, galibi guda ɗaya take kamawa, ta yi gyambo a wannan tantani. Haka nan ƙyanda, idan ta tarar da yaro yana da ƙarancin bitamin A, tana iya barin sa da hakiya har ƙarshen rayuwarsa.

Hanyar rarrabe waɗannan cututtuka ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Ma'aikacin lafiya zai fara da tambaya: yaushe ciwon ya soma, ido ɗaya ne ko biyu, akwai mai irinsa a gida? Sannan ya gwada ƙarfin gani da allon haruffa, ya duba ko ruwa ne ke zuba ko kwantsa mai kauri, domin kwantsa mai kama da mugunya ta fi nuni da bakteriya. Bayan haka sai ya taɓa ido da 'yar takarda mai rinin fulorasin, ya haska shuɗiyar fitila. In akwai gyambon ƙwayar ƙurajen leɓe, zai fito kore shar, mai rassa kamar reshen bishiya. Gwajin PCR, wanda ke gano ainihin ƙwayar a ɗakin bincike, ana buƙatarsa ne a lokacin annoba ko inda ciwo ya rikitar da likita.

Muhimmancin wannan 'yar takarda shi ne, da yawa daga magungunan ɗigawa da ake sayarwa barkatai suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Yana rage ja nan take, mai ciwo ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali idan gyambon nan ne, sinadarin yana ba ƙwayar damar faɗaɗa shi har idon ya lalace. Da an gano shi da wuri, da maganin asikulobir ya tsayar da shi. Masu zuba fitsari ko ruwan sukari ko ruwan batir kuwa, suna mai da ciwon da zai wuce da kansa ya zama makanta.

Wani zai ce asibitin ƙwararru yana da nisa, kuma manomi ba zai bar gonarsa saboda jan ido ba. Wannan gaskiya ne, domin Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA kuma yana Kano. Amma wannan hujja ce ta kawo binciken kusa da mutane. Ya wajaba hukumomin lafiya su tanadi allon gwajin gani da takardar fulorasin da fitila a kowane ƙaramin asibiti na Rikoto da ƙauyukan masarautar Zuru, su horar da ma'aikata, su kuma hana sayar da sitiroyid ba tare da takardar likita ba.

Ga jama'a kuma, wanke hannu da sabulu, da raba tawul da tandun kwalli, da kai yara rigakafin ƙyanda, su ne matakan farko. Duk wanda ganinsa ya ragu, ko idonsa yake tsananin zafi, ko ba ya iya kallon haske, ko jaririn da idonsa ke kwantsa, bai kamata ya kwana bai ga ma'aikacin lafiya ba.