Man da ya maƙale a tsoffin rijiyoyi da sashen matatar Kaduna da aka manta da shi

Duk lokacin da aka tayar da batun matatar mai ta Kaduna, hankalin mazauna Tirkaniya da sauran unguwannin kudancin birnin kan tafi ga fetur da ayyukan yi ne kawai. Amma a cikin matatar, wadda aka buɗe a 1980, akwai wani sashe da ba a cika ambatonsa ba: na sinadarin LAB, da aka tsara zai riƙa samar da tan 30,000 a shekara. Daga LAB ake yin sinadarin da ke sa garin sabulu cire maiƙo. Danginsa ne kuma kamfanonin mai ke turawa ƙarƙashin ƙasa don tatso ɗanyen man da ya ƙi fitowa.

Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. A cikin ƙananan ramukan dutse yake, kamar ruwa a soso. A yawancin rijiyoyin duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ake iya fitarwa ta hanyoyin da aka saba, ko da an tura ruwa ya koro shi. Sauran ya liƙe. Bakaniken da ya wanke hannu da ruwa zalla bayan ya juye baƙin mai ya san dalili: sai ya sa Omo maiƙon ke saki.

Matsalar ita ce dutse na shanye wani kaso na sinadarin kafin ya yi aiki, zafi da gishirin ƙarƙashin ƙasa kuma suna rage masa ƙarfi. Nan ne ƙwayoyin nano suka shigo. Ƙanƙantarsu ta kai a ce an raba milimita ɗaya gida miliyan, sannan a ɗauki 'yan gomomi. Galibi daga silika ake yin su, sinadarin da ke cikin yashi. Suna kutsawa tsakanin mai da dutse su ɓamɓare shi, suna kuma rage yawan sinadarin da ke salwanta.

Sai dai yawancin nasarorin wannan haɗi a ɗakin gwaji aka gani da 'yan rijiyoyin gwaji. Abin da ya tabbata a babban fili shi ne tura wasu sinadarai masu kaurara ruwa, kamar yadda China ke yi a Daqing tun shekarun 1990. Kuma ba kowace rijiya ce ta dace ba.

Ga Najeriya, lissafin a bayyane yake. An gano mai a Oloibiri tun 1956, rijiyoyi da dama a Neja Delta sun tsufa, kuma ƙasar da ta taɓa haƙo sama da ganga miliyan biyu a kullum ta daɗe ba ta kai haka ba, duk da cewa satar mai da fasa bututu ne suka fi cin rabonta. Tsohuwar rijiya tana da bututunta da hanyarta, saɓanin Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022 kuma kusan komai sai an gina daga tushe.

Abin da ke hana irin wannan aiki riba shi ne tsadar sinadaran, waɗanda da dala ake shigo da su. A 2023 NNPC ya ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaran matatar Kaduna kan dala miliyan 740 da ɗoriya. Ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar Kaduna su tambaya ko sashen LAB na cikin abin da za a tayar, da kuma yaushe.